Murhun gaz ya ƙi kamawa: yadda za ku bi shi daga butali har bakin wuta

Tambaya ɗaya mutane suke ta maimaita mini a ƴan kwanakin nan: an murɗa makunni, ana jin ƙas-ƙas-ƙas, wuta ta ƙi tashi, yaya za a yi? Wasu kafin su tambaya ma har sun ɗora murhun a but ɗin taksi sun kai shi kasuwar Katako, an kwance, an sake musu abin da lafiyarsa lau. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta matakan a jere, yadda nake bin su a gidanmu da gidajen dangi a nan Yamai.

Wutar murhu abu uku take so: gaz, iska da tartsatsi. Idan ta ƙi kamawa, ɗaya daga cikinsu ne bai iso ba. Aikinku shi ne ku bi hanyar gaz ɗin daki-daki, domin matsalar da ta fi yawa ita ce mafi araha.

Ku tanadi ashana ko doguwar birike, tsohon buroshin haƙori, tsumma busasshe, ruwan sabulu mai kumfa a ƙaramin kwano, guntun wayar lantarki da za a zare silin tagulla ɗaya daga cikinta, da fitilar salula. Idan aikin ya kai ga jiklar, wato ɗan ƙarfe mai huji da gaz ke fitowa ta cikinsa, za a buƙaci kile, yawanci mai lamba 7.

1. Hanci tukuna

Kafin ku taɓa komai, ku tsaya ku shaƙi iskar madafar. An zuba wa gaz wani sinadari mai wari da gangan domin a gane idan yana fita. Idan warin ya cika ɗaki, ku bar maganar gyara. Ku rufe bakin butali, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da yara.

Gargaɗi: kada a ƙyasta ashana, kada a kunna ko a kashe fitilar lantarki, kada a kunna fanka wai don ta kore warin. Ɗan tartsatsin da ke cikin makunnin bango ya isa. Gaz ɗin butali ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka ƙofa ta fi taga ta sama amfani. Idan bakin butalin ne ya ƙi rufuwa, a fitar da shi tsakar gida nesa da garwashi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 daga waje.

Idan kuwa ɗan wari ne kaɗan saboda kun yi ta murɗa makunni, ku rufe komai, ku jira ya washe sannan ku ci gaba.

2. Gwajin ashana

Wannan gwajin shi ke raba matsalar gida biyu, kuma bai kai minti ɗaya ba. Ku ƙyasta ashana, ku kai ta gefen kan murhun, sannan ku murɗa makunni a hankali.

Idan wuta ta kama shuɗiya ta zagaye, gaz yana zuwa, laifin na tartsatsi ne, sai ku wuce mataki na 8. Idan babu komai, ko ɗan huci ba ku ji ba, ku gwada sauran kawunan. Duka sun ƙi? To matsalar tana baya: butali, detandar (ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin butali) ko tiyo. Ɗaya ne kawai ya ƙi, sauran suna ci? Butalinku lafiya lau, ku tafi mataki na 6. Idan ta kama amma kuna sakin makunni ta mutu, mataki na 9 ne naku.

Gargaɗi: ashana ake fara kunnawa, sannan a buɗe gaz. Wanda ya buɗe gaz ya tafi neman ashana, shi ne wuta ke yi wa bum a fuska.

3. Butalin da kansa

Kada ku ji nauyin duba wannan. Sau da yawa an ta da mai gyara daga wata unguwa, ya zo ya ɗaga butali da hannu ɗaya ya tarar babu komai a ciki. Ku jijjiga shi kaɗan a tsaye, idan da saura za ku ji ruwa yana motsi. Wanda yake son tabbaci ya duba jikin mariƙin ko wuyan butalin, akwai lambar nauyinsa lokacin da yake fanko. A ɗora shi a sikeli, a cire wannan lambar, abin da ya rage shi ne gaz. Wannan lissafin yana da amfani ko ranar da kuka sayo sabon ciko: na kilo 6 ya ba da 6, na kilo 12.5 ya ba da nasa. Farashin da hukuma ta daɗe da yankewa shi ne jika ɗaya da dala 160 ga ƙaramin, jika uku da dala 150 ga babban, ko da yake duk wanda ya taɓa yawo da fanko a unguwanni lokacin ƙarancin gaz ya san akan wuce haka. Kuɗi ne da ya kamata a san abin da aka saya da su.

Gargaɗi: akwai dabi'ar kwantar da butali, ko kifa shi, ko kusanta shi da garwashi don a tatse sauran gaz. Ku bar ta. Idan butali ya kwanta, ruwan gaz ne yake shiga detandar a maimakon tururinsa, wutar tana iya tashi fiye da yadda za ku iya tarewa.

4. Detandar da ƴar robarsa

Detandar shi ne ƙarfen nan mai kama da faifai da ake ɗaurawa a bakin babban butali, aikinsa rage ƙarfin gaz kafin ya shiga tiyo. Na gaz ɗin girki irin namu za ku ga an rubuta 28 ko 29 mbar a jikinsa.

Abu na farko, da yawansu suna da ɗan maɓallin tsaro. Idan aka buɗe butali alhali an bar wani makunnin murhu a buɗe, ko gaz ya fita da ƙarfi lokaci ɗaya, sai detandar ya kulle kansa. Daga nan ko butali cike yake, babu abin da zai wuce. Ku rufe duk makunnan murhu, ku rufe butali, ku sake buɗe shi a hankali, ku danna maɓallin na ɗan lokaci ku saki. Gidaje da yawa sun sayi sabon detandar saboda wannan maɓallin kawai.

Na biyu, ku rufe butali, ku kwance detandar ɗin ku leƙa cikin bakinsa. Akwai ƴar baƙar roba mai zagaye, ba ta fi girman ƙwandala ba. Zafin watan Afrilu da Mayu yana busar da ita har ta tsage, wani lokacin kuma ta manne a bakin tsohon butali ta tafi da shi wurin masu gaz. Idan ta tsage ko babu ita, a sayi wata. Tana cikin abubuwa mafi araha a duk harkar gaz, ku sayi uku ko huɗu ku ajiye.

Gargaɗi: a mafi yawan manyan butalai, zaren detandar a juye yake. Hagu ake murɗawa a ɗaure, dama a kwance. Idan ya yi tauri kada ku sa ƙarfi, ku duba ko kun juya hannu ne. Kuma kada a cusa leda ko tsumma a madadin robar.

5. Tiyo

Ku ja murhun gaba, ku bi tiyon da hannu daga farko har ƙarshe. Ku duba ko ya lanƙwashe a bayan murhu, ko ƙafar tebur ta danne shi, ko ɓera ya ɗanɗana shi. Tiyon gaz na ƙwarai yana da shekarar da zai daina aiki a rubuce a jikinsa. Idan ta wuce, ko kun lanƙwasa shi kun ga ƙananan tsagogi, a sake shi. A ɗaure bakinsa biyu da koliye, wato zoben ƙarfe mai matse tiyo, ba da igiyar roba ko waya ba. Kuma tiyon ban ruwa ba tiyon gaz ba ne, ko da kalarsu ɗaya.

Idan yanzu kuka sauya butali ko tiyo, akwai iska a ciki. Wuta ba za ta kama nan take ba sai gaz ya turo iskar waje. Ku riƙe ashana a kunne a gefen kan murhu na ƴan daƙiƙu.

Duk lokacin da kuka kwance wani abu a wannan layin kuka mayar, ku shafa kumfar sabulu a bakin butali, a detandar, da bakin tiyo biyu. Kumfa ta kumbura tana ƙwai-ƙwai, gaz yana fita a nan. Da ashana ba a neman inda gaz ke yoyo, ko wane ne ya ce muku ya saba yi.

6. Hula da zobe

A nan mafi yawan matsaloli suke. Kan murhu kashi biyu ne ko uku: baƙar hula a sama, zobe mai ƙananan huji ko tsagogi a ƙarƙashinta, sai kwanon da suke zaune a ciki. Ta waɗannan hujin gaz yake fita. Kowace tukunyar da ta tafasa ta zubo, nan take sauka.

A azumin da ya wuce gwaggona da ke unguwar Bukoki ta aiko a kira ni, saura kamar awa ɗaya a sha ruwa. Na tarar ta hura gawayi a tsakar gida, murhun yana gefe an rufe shi da tire. Ta ce, "Ɗan nan, abin naku ya mutu, tun jiya ƙas-ƙas kawai yake yi mini." Na ce, "Gwaggo, me kika dafa jiya?" Ta ce kunun gero, ya ɗan zubo amma ta goge tas. Saman kam yana ƙyalli. Da na ɗaga hular na haska da fitila, sai ga kunun ya bushe cikin tsagogin zoben kamar siminti, ya toshe daidai ɓangaren da ke kallon buji, ɗan abin nan mai ba da tartsatsi. Tartsatsi yana tashi, amma gaz ba ya fitowa ta wurin da zai same shi. Buroshi da ruwan ɗumi kawai aka sa, miyarta a kan gaz ta ƙarasa.

Ga yadda ake yi. Ku rufe butali, ku bar murhu ya huce, idan mai haɗe da kuran ne ku zare wayar daga bango. Ku cire ƙarfen ɗora tukunya, ku ɗaga hula da zobe. Ku jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu kamar minti 20, maiƙon miya ya saki. Ku bi kowace tsaga da buroshi. Wadda ta ƙi, a bi ta da silin waya. Ku ɗaga zoben ku kalli haske ta cikinsa, kowane huji ya zama kuna ganin rana ta ciki. Sai a ɗauraye, a shanya a rana har ya bushe ƙayau. Wannan shanyar mutane suke yi wa gaggawa: ɗigon ruwa ɗaya a cikin tsaga yana hana wuta kamawa kamar yadda kunu yake hanawa. Yawancin masu cewa "ai jiya na wanke shi ya lalace" ruwa ne bai bushe ba.

Wajen mayarwa ku kula. Zoben yana da ɗan gurbin da buji yake shiga, hular kuma dole ta zauna daram. Ku taɓa ta da yatsa, idan tana rawa ba ta zauna ba. Kada a musanya hular babban kai da ta ƙarami.

Gargaɗi: zoben da yawa na alminiyom ne. Ruwan jabel da kanwa suna cin sa, su bar shi da ramuka. Sabulu ya isa.

Lokacin hunturu, idan ƙurar nan ta sauko ta haɗu da maiƙo, toshewar takan zo da wuri ko ba a zubar da komai ba. Murhun da ke madafar waje a riƙa rufe shi bayan ya huce.

7. Jiklar

Kafin ku mayar da zobe, ku leƙa tsakiyar kwanon. Za ku ga ɗan ƙarfe ruwan zinariya mai kusurwa shida, da huji a tsakiyarsa da kyar ido yake gani. Shi ne jiklar. A kan gaz ɗin butali hujin yawanci bai kai milimita ɗaya ba, kuma da awo aka huda shi. Lambar da aka buga a jikinsa ita ce faɗin hujin. A ƙananan murhunan tebur ba a tsakiya yake ba, yana bayan makunni, a bakin bututun da ke kai gaz zuwa kai.

Ku zare sili ɗaya siriri daga wayar lantarki, ku zura shi a hankali, ku juya sau biyu ko uku, ku fitar. Idan datti ya yi yawa, a kwance jiklar da kile, a jiƙa shi a ruwan sabulu, a hura, a busar, a mayar ba tare da matsewa da ƙarfi ba.

Gargaɗi, kuma wannan shi ne wanda ya fi damuna: kada a sa allura, kada a sa ƙusa, kada a bar kowa ya "buɗe" hujin wai don wuta ta ƙara ƙarfi. An taɓa yi mana haka a gida. Wani mai gyara ya zura allura ya faɗaɗa, wuta ta tashi ja, doguwa, kowa ya yi murna. Cikin kwana biyu gindin tukwane ya yi baƙi ƙirin, butalin da yake kai mu wata ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Hujin da aka faɗaɗa ba ya komawa, sai an sayi wani jiklar mai lamba ɗaya da shi. Tsinken sakace ma a bar shi, yakan karye a ciki.

Jan wuta ko rawaya alama ce gaz ba ya ƙonewa sosai, kuma irin wannan ƙonewar tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. A rufaffen ɗaki tana kisa. Wutar da ake so shuɗiya ce, gajera, mai zama a kan zobe.

Idan murhun sabo ne ko na hannu da aka kawo daga Turai, kuma tun ranar farko wutarsa ja ce mai hayaƙi, mai yiwuwa jiklar ɗinsa na gaz ɗin bututun gari ne, wanda hujinsa ya fi faɗi. Ku duba cikin kwali ko aljihun murhun, sau da yawa akwai ƴar leda da jiklar na butali a ciki.

8. Tartsatsi

Ashana tana kunnawa amma murhu ba ya kunna kansa. Buji shi ne ɗan farin abu kamar alli mai ƙarfe a kai, a gefen zobe. Ku rage hasken madafar, butali a rufe, ku danna makunni ku kalla.

A babban murhu mai kuran, idan aka danna ɗaya duk bujin suke tartsatsi tare. Idan babu ko ɗaya, ku fara tambaya ko an ɗauke wuta, sannan ku gwada wani abu a soket ɗin. Wasu murhunan da pil suke aiki, yana ƙasa ko a baya, a sake shi. Idan kai ɗaya ne ba ya yi, ku zare waya daga bango, ku goge bujin da buroshi busasshe, ku duba farin jikinsa. Idan ya tsage, tartsatsin yana zillewa ta gefe, sai an sauya shi. Tsakanin kan buji da ƙarfen zobe ya zama kamar milimita 3 zuwa 4.

Murhun tebur mai kai biyu ba ya buƙatar kuran ko pil, ƙarar ƙas ɗin da kuke ji ita ke haifar da tartsatsin. Ku kifa shi bayan kun cire tiyo, za ku ga siririyar waya ta taho daga makunni. Takan zame ko ta yi tsatsa a baki. Wajen kunnawa kuma a murɗa a hankali a ɗan tsaya gaz ya iso, sannan a ƙarasa. Idan abin ya mutu gaba ɗaya, ni ba na ba da shawarar a kashe masa kuɗi. Doguwar birike ta wadatar.

Murhun da yake ta ƙas-ƙas shi kaɗai bayan an wanke shi, ruwa ne ya shiga ƙarƙashin makunni. A zare waya, a ciro makunnan, a bar shi ya wuni.

9. Ta kama, ana saki ta mutu

Kusa da buji, a wasu murhunan akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini. Na tsaro ne: sai ya ji zafi yake barin gaz ya ci gaba da zuwa, idan iska ta kashe wuta ya rufe. Ku danna makunni har ƙasa, ku riƙe daƙiƙa 10 zuwa 15 bayan wuta ta kama. Idan har yanzu tana mutuwa, ku goge tsinin, ku tabbata harshen wuta yana taɓa shi. Ya ƙi duk da haka, ya gaji ne, a sauya shi. Kada a yarda a cire shi ko a tokare makunni da tsinke.

10. Tanda

Tandar murhu, wadda muke ce wa fur, ta fi ko'ina haɗari saboda akwati ce, gaz yana taruwa a ciki. Ƙofarta a buɗe ake kunna ta. A kai wuta bakin hujin da ke ƙasan tandar, a danna makunni a murɗa, a riƙe. Idan daƙiƙa 15 ta wuce ba ta kama ba, a rufe, a bar ƙofa a buɗe aƙalla minti ɗaya kafin a sake. Fuska kuma a gefe, ba a leƙa ciki.

A gidaje da yawa daga Sallah sai Sallah ake kunna fur, sauran watanni ma'ajiyar tukwane ce. A wannan zaman gizo-gizo yake saƙa a bututun gaz, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a ciki, kyankyasai su tare. Ku rufe butali, ku ɗaga farantin ƙasan tandar, za ku ga dogon bututu mai huji a jere. Ku share shi da buroshi, ku leƙa bakinsa inda jiklar yake hura gaz, ku zaƙulo abin da ke ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai niyyar gasa kek ko kaji ranar Sallah ta gwada tandarta tun saura mako.

11. Ƙaramin butali mai kai a sama

Na kilo 6 da ake ɗaura wa kai kai tsaye ba shi da tiyo, don haka wurin dubawa kaɗan ne. Ku fitar da shi waje, nesa da wuta, ku rufe makunnin kan, ku kwance. Ku duba robar da ke gindinsa, ku share hujin da ke wuyansa inda iska take shiga, ku bi jiklar da silin waya. Wajen mayarwa a ɗaura shi a miƙe da hannu, za a ji ɗan fis kafin ya zauna. Idan fis ɗin bai tsaya ba, a kwance. Idan kan yana aiki a butalin maƙwabta amma ya ƙi a naku, bakin butalin ne, a mayar wa mai gaz ya sauya. Kada a soka ƙusa a bakin don a gwada.

12. Inda hannunku zai tsaya

Makunnin da ya ƙage ko yake juyawa ba ya tsayawa, warin gaz daga cikin jikin murhu alhali komai a rufe, wuta da take komawa ciki tana ruri a bututu ko bayan an wanke, wayoyin da ɓera ya cinye: waɗannan na mai gyara ne. Ku rufe butali, ku cire detandar, kada a yi girki a kai kafin ya zo.

Idan ya zo, ku faɗa masa abin da kuka riga kuka gwada da abin da kuka gani, hakan yana rage kuɗin aiki da yawan kwance-kwance. Ku yi ciniki kafin ya taɓa, ku raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Idan za a sayo jiklar, buji ko ƙarfen tsaro, a tafi da tsohon a hannu zuwa kasuwar Katako ko ta Wadata a gwada da sabon, domin tsawo da zare suna bambanta daga murhu zuwa murhu. Duk abin da ya cire ya bar muku shi. Kafin ya karɓi kuɗinsa, ya kunna kowane kai a gabanku, babbar wuta da ƙarama, ya kunna tanda, sannan ya shafa kumfar sabulu a duk inda ya kwance kuna kallo.